Dattin da Ya Riƙe Ta

Shekara goma sha tara tana bin hanyar Garwa zuwa Figil,
albasa a bisa, awaki ƙarƙashin kujera,
ba ta taɓa kwana a daji ba.
Tana tari da asuba kamar kowane tsoho,
in na murɗa makulli sau biyu, ta tashi.

Ran Lahadi a kasuwar Pitowa
wani yaro ya ɗora kwalba ja a goshinta.
Ya ce, "Direba, kai kana wanka, ita fa?
Zuba wannan, bar ta ta yi gurnani minti goma sha biyar,
ka juye mai, ka ga ƙuruciya ta dawo."
Sefa dubu huɗu da rabi.
Na taya, ya yafe rabin, na tafi ina jin na ci riba.

Ummate bakanike yana ƙarƙashin wata tirela a Rumde Ajiya,
ƙafafunsa kaɗai nake gani.
Ƙafafun suka ce, "Kar ka zuba."
Na ce don me?
Suka ce, "Miƙo mini sifana sha bakwai."
Iyakar bayanin ke nan,
ni kuwa na ɗauka yana tsoron rasa ciniki.

Na zuba.

Abin da ya fito, baƙi ƙirin, guda-guda,
kamar daddawar da aka dama da toka.
Har yaran tasha na kira su zo su gani.
Na ce, "Duk wannan a cikinta yake!"
Na ji tausayinta, na yaba wa kaina.

Kwana biyu tana tafiya lumui, ko ƙara babu.
Na uku, ɗigo ɗaya a ƙasa, faɗin dala.
Na biyar, faɗin faifai.
Sai hayaƙi shuɗi ta salansa,
masu babur a bayana suna toshe hanci suna zagin uwata.
Na takwas, muna dosar Figil, jar wuta ta kama,
ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga can ciki,
kamar ana sussuka a turmin ƙarfe,
sannan shiru.

Mutum goma sha huɗu a bakin kwalta.
Mai kifin Lagdo ta zauna kan kwandonta,
ba ta ce mini uffan ba har gari ya waye.
Da ta zage ni da ya fi.

Ummate ya kwance gindin injin, ya kira ni.
Ya lakato da yatsa ya nuna:
dattin da ya ɓamɓaro bai fita duka ba,
sauran ya je ya toshe rariyar famfon mai,
ƙarfe ya ci ƙarfe da ƙishirwa.
Robobin kuwa sun daɗe da bushewa,
dattin ne ya liƙe tsagarsu tun ba yau ba.
Ya ce, "Tsohuwar tukunya, baƙin gindinta ke riƙe ruwa.
Da kana sauya mata mai a kan kari,
ba abin da zai taru, balle ka wanke.
Ka bar shi ya zauna har ya zama ɗan gida,
rana ɗaya ka ce ya fita?"

Ringi, gaskit, famfo, kuɗin hannu.
Bijimin da nake kiwo don rufin ɗaki ya tafi,
damina kuma ba ta jiran kowa.

Kwalbar tana nan kan taga, wayam.
Jiya na je gidan yayana Barmo
da maganar gonar mahaifinmu a bakina,
maganar da ta kwanta tsakaninmu tun kafin in sayi motar.
Ya zuba mini shayi, hannunsa yana rawa.
Na buɗe baki,
na tambaye shi ciwon gwiwa.
Har yanzu ban sani ba
ko hankali na yi, ko tsoro.